YADDA A KE HAƊA BATURA DON A SAMI ƘARFIN WUTAR DA A KE BUKATA

Babu wanda bai taɓa sa batir cikin tocila ba a cikinmu. Ka buɗe gindinta, ka zura na fari kansa na duban ƙwai, ka zura na biyu ya bi bayansa, ka rufe, ka danna, haske ya fito. Ƙaramin yaro ma ya iya wannan. Amma da za ka tsai da mutum goma ka tambaye su dalilin da ya sa a ke jera su haka, da ƙyar ka sami biyu da za su ba ka amsa. Dā rashin sanin bai cika cutar da kowa ba, gama iyakar hasarar kuɗin batir biyu ne. Yanzu kuwa manyan batura sun shiga gidaje da makarantu da asibitocin ƙauye, kuma kuɗinsu ba kaɗan ba ne.

A ce ka gama karatunka, an tura ka wata makarantar ƙauye inda babu wutar lantarki. Iyayen yara suka yi karo-karo, suka sayo farantan sola, da manyan batura huɗu, kowane an rubuta 12V 100Ah a jikinsa, da inbata guda an rubuta mata 24V. Inbata ita ce na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin wutar gida, mai bolt 230, wadda fanka da kwamfuta ke aiki da ita. Mai haɗawa yana can birni, yau gobe, bai zo ba. Sai hedimasta ya dube ka ya ce, "Malam, kai ne ka karanta kimiyya, sai ka duba mana." To, me za ka yi? In ka haɗa daidai, baturan nan su yi shekaru suna aiki. In ka kuskure, ko inbata ta ƙone nan take, ko baturan su mutu cikin 'yan watanni, ko ma gobara ta tashi. Wannan darasi an yi shi ne domin ranar nan in ta zo ta same ka a shirye.

Lambobi biyun da ke jikin batir

Kafin ka taɓa waya, sai ka karanta abin da aka rubuta a jikin batir. Lambobi biyu ne abin kulawa.

Ta fari ita ce mai harafin V, watau bolt. Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin da batir ke tura wuta da shi cikin waya. Wannan ƙarfi ba girman batir ke kawo shi ba, irin sinadarin da ke cikinsa ne. Shi ya sa ɗan siririn batir na rimot da ƙaton batir na tocila duk bolt 1.5 ne, domin abin da ke cikinsu iri ɗaya ne ko kusa da haka. Ɗaki guda na batirin dalma, irin na mota, yana ba da bolt 2 da 'yan kai. Ɗaki guda na batirin litiyam, irin na wayar hannu, yana ba da wajen bolt 3.7.

Ta biyu ita ce mai haruffan Ah, watau amfiya-awa. Amfiya ma'aunin yawan wutar da ke gudu cikin waya ne. Amfiya-awa kuwa ita ke faɗin yawan wutar da batir ya adana, watau jimirinsa. Batir mai 100Ah, in ana jan amfiya 5 daga gare shi, a lissafi zai yi awa 20 kafin ya ƙare, gama 5 sau 20 ɗari ke nan. In aka ja shi da ƙarfi fiye da haka, abin da zai bayar ya kan ɗan gaza lissafi. Wannan lamba ita ce girman batir ke ƙarawa.

Kowane batir kuma yana da baki biyu. Ɗaya mai alamar tarawa (+), ɗaya mai alamar ɗebewa (−). A batirin tocila mai alamar tarawa shi ne kan nan mai ɗan tsini, mai alamar ɗebewa shi ne gindin. Saboda haka cikin wannan darasi za mu riƙa ce wa mai alamar tarawa kai, mai alamar ɗebewa gindi, ko da a batirin mota ne, inda su biyun ke sama gefe da gefe. A batirin mota kai ya kan ɗan fi gindi kauri. Bisa al'ada jar waya ta kai ce, baƙa ta gindi.

Misalin masu jefa tubali

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin ginin ƙasa ya ga yadda a ke kai wa magini tubali. Magini yana bisa bango, lebura yana ƙasa yana jefa masa ɗai ɗai. Bari mu ce lebura guda yana iya jefa tubali ya kai tsawon ƙafa 12, kuma tubali 100 ya ke jefawa kafin ya gaji. Tsawon jifarsa shi ne bolt. Yawan tubalin da ya ke jefawa kafin ya gaji shi ne amfiya-awa.

To, an samo lebura na biyu mai ƙarfi daidai da na farin. Hanya biyu ce za a sa su aiki.

In bango ya yi tsawo ya kai ƙafa 24, sai ɗaya ya tsaya ƙasa, ɗaya ya hau bisa dakali a tsakiya. Na ƙasa ya jefa wa na tsakiya, na tsakiya ya cafe ya jefa wa magini. Tubali ya kai ƙafa 24. Amma ku lura, kowane tubali sai ya bi ta hannun su biyun. Sa'ad da tubali 100 suka hau, duk su biyu sun gaji. Tsawo ya ninka, yawan tubali yana nan yadda ya ke.

In kuwa bangon ƙafa 12 ne kawai, sai su biyun su tsaya ƙasa kafaɗa da kafaɗa, kowa ya riƙa jefa nasa. Babu tubalin da zai wuce ƙafa 12, amma sai sun jefa 200 kāna su gaji. Yawan tubali ya ninka, tsawo yana nan yadda ya ke.

Wanda ya gane wannan misali ya gane darasin duka. Saura sai mu mai da shi kan batura.

Haɗin jerin gwano

Hanya ta fari ita ce a haɗa kan batir na ɗaya da gindin na biyu, kan na biyu da gindin na uku, haka har a kai na ƙarshe. Sai gindin na fari da kan na ƙarshe su rage babu kome a jikinsu, su ne za a kai ga abin da a ke so ya yi aiki. Wuta hanya ɗaya gare ta, tana bi ta cikin kowane batir bi da bi. Mu kira wannan haɗin jerin gwano. Masu aikin waya su kan ce masa siris.

Ƙa'idarsa ita ce: a tara bolt na baturan duka, amfiya-awa kuwa ta tsaya ta batir guda.

Tocila mai batir biyu haɗin jerin gwano ce, 1.5 a tara da 1.5, bolt 3 ke nan. Mai batir uku bolt 4.5. Batirin mota ma da ku ke gani akwati guda, ɗakuna shida ne a cikinsa an jera su haka, kowane bolt 2.1, jimla 12.6 in ya cika, a ke kiransa mai bolt 12 don sauƙi. Ɗan batirin nan mai kusurwa huɗu na bolt 9, ƙananan ɗakuna shida ne cikinsa, kowane 1.5. Manyan motocin ɗaukar kaya da yawa suna aiki da bolt 24, shi ya sa ku kan ga batir biyu a gefensu da gajeriyar waya mai kauri tsakaninsu.

Wannan haɗi tare da batir kansa aka haife shi. Wani malamin jami'ar Pavia ta ƙasar Italiya, sunansa Alessandro Volta, shi ya fara yin batir, ya ba da labarinsa cikin 1800. Ya ɗora faifan jan ƙarfe, da faifan tutiya, da ƙyalle ko kwali jiƙaƙƙe da ruwan gishiri, ya yi ta maimaitawa yana ɗora wani bisa wani. Ya ga cewa gwargwadon tsawon tarin, gwargwadon ƙarfin wutar. Don tunawa da shi aka sa wa ma'aunin sunan bolt, a wani taron masana da aka yi a Faris cikin 1881. Batirin dalma kuwa, wanda a ke iya sake cikawa, wani Bafaranshe ne Gaston Planté ya ƙago shi cikin 1859, har yau kuma shi ke ta da yawancin motoci.

Haɗin kafaɗa da kafaɗa

Hanya ta biyu ita ce a haɗa kawunan baturan duka wuri ɗaya, a haɗa gindayensu duka wuri ɗaya. Kai da kai, gindi da gindi. Kowane batir yana zuba nasa rabo cikin waya guda. Mu kira wannan haɗin kafaɗa da kafaɗa. Masu aikin waya su kan ce masa faralel.

Ƙa'idarsa ita ce: bolt ya tsaya na batir guda, a tara amfiya-awa ta baturan duka.

Batura biyu masu 12V 100Ah in aka haɗa su haka, sai su zama kamar batir guda mai 12V 200Ah. Ƙwan da aka sa musu ba zai ƙara haske ba, amma zai daɗe ninki biyu yana ci. Sa'ad da batirin mota ya yi sanyi aka kawo wata mota aka ja waya daga batirinta, kai da kai, haɗin kafaɗa da kafaɗa a ke yi na ɗan lokaci.

Mu koma ga baturan makaranta

Yanzu ga batura huɗu, kowane 12V 100Ah. Hanya uku a ke iya haɗa su.

In aka jera su huɗun jerin gwano, za a sami bolt 48, amfiya-awa 100.
In aka sa su huɗun kafaɗa da kafaɗa, za a sami bolt 12, amfiya-awa 400.
In aka yi jeri biyu, kowane jeri batir biyu, sa'an nan aka haɗa jerin biyu kafaɗa da kafaɗa, za a sami bolt 24, amfiya-awa 200.

Inbatar makaranta 24V aka rubuta mata, saboda haka hanya ta uku ita ce amsa. In ka ba ta 48 ka ɗora mata abin da ba a yi ta dominsa ba, tana iya ƙonewa. In ka ba ta 12 ba za ta tashi ba.

Ga dabarar lissafin, ku riƙe ta. Da fari raba bolt da a ke bukata da bolt na batir guda: 24 a raba da 12, biyu. Batir biyu ke nan cikin kowane jeri. Sa'an nan raba yawan baturan da ka ke da su da wannan lamba: 4 a raba da 2, biyu. Jeri biyu ke nan. Kullum bolt a ke fara daidaitawa, domin shi ne wanda na'ura ba ta yin rangwame a kansa. Jimiri ya biyo baya.

Wajen haɗawa, sa wa baturan lamba 1, 2, 3, 4 da alli. Haɗa kan 1 da gindin 2, jeri na fari ke nan. Haɗa kan 3 da gindin 4, jeri na biyu ke nan. Auna kowane jeri da mita, ka ga wajen bolt 25 in sun cika, kuma su biyun sun yi kusan daidai. Sa'an nan haɗa kan 2 da kan 4, ka haɗa gindin 1 da gindin 3. Jar wayar inbata ka ɗauke ta daga kan 2, baƙar kuwa daga gindin 3. Dalilin ɗaukar ja daga wannan jeri, baƙa daga wancan, shi ne don hanyar wuta ta zama tsawo ɗaya ga kowane jeri, kada na kusa ya riƙa shan wahala fiye da na nesa. Don wannan dalili kuma wayoyin haɗi su zama kauri ɗaya, tsawo ɗaya.

Farantan sola ba a haɗa su kai tsaye da batura. Akwai wata 'yar na'ura da ke shiga tsakani tana kula da caji, a ke kiranta kwantirola. Ita ma sai ta dace da bolt 24, kuma batura a ke fara haɗa mata kafin farantai.

Haɗi ba ya ƙara abin da ke ciki

Akwai masu zaton wani haɗi ya fi wani ba da wuta. Bari mu gwada. Aikin da batir ya adana a kan same shi in an ninka bolt da amfiya-awa, amsar sunanta wat-awa. Hanya ta fari: 48 sau 100, 4,800. Ta biyu: 12 sau 400, 4,800. Ta uku: 24 sau 200, 4,800. Kun ga duk ɗaya ne. Leburorinmu ko an sa su bisa juna, ko gefe da gefe, ƙarfin jikinsu bai ƙaru ba.

A ce ƙwayaye da fanka da kwamfutar makaranta duka suna cin wat 240. A raba 4,800 da 240, awa 20 ke nan a takarda. Amma batirin dalma ba ya son a riƙa kwashe shi ƙarƙaf. Masu son ya daɗe ba su bari ya wuce rabi, watau sa'ad da batir guda ya nuna wajen bolt 12.2 yana hutawa. Saura awa 10. Inbata kuma tana cin nata rabo. Saboda haka in hedimasta ya tambaye ka, ce masa awa 8 zuwa 9, kada ka yi masa alkawarin 20.

To, in haka ne, don me masu ƙera inbata ke yin ta 24 da ta 48, ba su tsaya ga 12 ba? Dalili yana cikin waya. Wat shi ne bolt sau amfiya. Don a sami wat 240 daga bolt 12, sai amfiya 20 ta gudu cikin waya. Daga bolt 24 amfiya 10 ta isa, daga bolt 48 amfiya 5. Kowace waya kuwa tana ɗan tare wa wuta hanya, wannan tarewa a ke aunawa da om, sunan wani Bajamushe Georg Ohm wanda ya bayyana ƙa'idarta cikin 1827. Wutar da ke ɓacewa ta zama zafi cikin waya ita ce amfiya sau amfiya sau om. A ce wayarmu om 0.05 ce. A amfiya 20 hasara wat 20 ce. A amfiya 10, wat 5. A amfiya 5, wat 1.25. Ashe in an ninka bolt, hasara ta koma kashi ɗaya cikin huɗu, kuma waya mai ƙarancin kauri ta wadatar. Shi ya sa in kaya sun yi yawa a ke hawa zuwa 24 ko 48.

Kurakurai biyar masu kashe batura

Na fari, gama batura marasa jimiri ɗaya cikin jerin gwano. A ce mai 100Ah da mai 60Ah. Wuta ɗaya ke ratsa su, saboda haka ƙaramin zai riga ƙarewa, babban kuwa ya ci gaba da tura wuta ta cikinsa yana lalata shi. Wajen caji kuma ƙaramin zai riga cika, ya yi ta tafasa kafin babban ya ƙoshi. In lebura guda ya gaji a tubali na 60, aiki ya tsaya a 60. Tsohon batir da sabo ma haka ne, ko da lambobin jikinsu ɗaya ne, gama tsohon ya riga ya rage. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Baturan da za su zauna tare su zama iri ɗaya, girma ɗaya, shekaru ɗaya.

Na biyu, sa batura marasa bolt ɗaya kafaɗa da kafaɗa. Batir mai 12 da mai 6 in aka haɗa su kai da kai, mai 12 zai kwarara cikin mai 6, ba abin da ke tare shi sai 'yar tarewar da ke cikin baturan da waya. A ce duka om 0.02 ce. Ƙa'idar Ohm ta ce a raba bolt da om a sami amfiya: 6 a raba da 0.02, amfiya 300. Wannan ta isa ta narkar da rigar waya. Ko masu bolt 12 ne su biyun, in ɗaya cike ya ke ɗaya wofi, sai a yi wa kowane caji daban su daidaita tukuna.

Na uku, juya batir. Cikin jerin gwano wanda aka juya yana ture sauran. Tocila mai batir uku in guda ya juya, 1.5 da 1.5 a ɗebe 1.5, saura 1.5, haske ya dushe. Cikin kafaɗa da kafaɗa kuwa abin ya fi muni ƙwarai, gama kai ya gamu da gindi ta kowane gefe ba tare da kaya a tsakani ba. Wannan shi ne masu gyara ke kira shot, kuma manyan batura suna iya fashewa saboda shi.

Na huɗu, satar bolt 12 daga tsakiyar jerin 24. Wani ya kan ga yana da rediyo ko ƙwai mai bolt 12, sai ya maƙala shi ga batir guda cikin jerin. Wannan batir kullum zai fi ɗan'uwansa ƙarewa, caja kuwa wuta ɗaya ta ke ba su, sai ɗaya ya zauna da yunwa ɗaya ya wuce ƙoshi, su biyun su lalace. Akwai 'yar na'ura mai rage 24 zuwa 12, ita ya kamata a saya.

Na biyar, caja da ba ta dace ba. Cajar bolt 12 ba ta cika jerin 24. Batirin dalma mai 12 a kan cika shi da wajen bolt 14.4, jerin 24 kuwa wajen 28.8.

Baturan litiyam na sola suna bin ƙa'idodin lissafi guda. Irin da a ke yawan sa wa gidaje ɗakinsa bolt 3.2 ne, huɗu a jere 12.8, goma sha shida 51.2. Amma kowane yana da wani allon tsaro a cikinsa mai lura da ɗakunan, kuma ba kowane aka yi don a jera shi da wani ba. Sai ka karanta takardar maƙerinsa tukuna. Kada kuma ka gama litiyam da dalma cikin haɗi ɗaya.

Kiyaye kai

Bolt 12 ko 24 ba su cika jan mutum ba, shi ya sa mutane ke raina su. Hatsarinsu yana wajen yawan amfiyar da babban batir ke iya saki nan take. Sifana in ta faɗa ta taɓa kai da gindi sai ta yi ja kamar a maƙera. Saboda haka cire zobe da agogon ƙarfe kafin ka fara, ka naɗe hannun sifana da tef. Sa fis a jar waya kusa da batir, in jeri biyu ne kowane ya sami nasa. Ɗaure kowace waya tam, gama sako-sako ita ke kawo zafi. Batirin dalma yana fitar da wata iska mai kama wuta, haidirojin, sa'ad da a ke masa caji, don haka ɗakin ya zama mai shan iska, ba taba, ba ashana, ba fitilar kananzir. Ruwan cikinsa asid ne mai cin fata da tufa. In ya taɓa jiki a wanke da ruwa mai yawa, in ido ne a wanke a tafi asibiti. In ruwan ya ragu, tataccen ruwan batir a ke ƙarawa, ba na rijiya ba. Wutar da ke fitowa daga inbata kuwa bolt 230 ce, tana kisa kamar kowace wutar gida, wannan ɓangare a bar wa gwanin waya. A kulle ɗakin kada yara su shiga.

Gwajin da za ka yi da yara

Gani ya kori ji. Samo batirin tocila biyu sababbi, da ƙaramin ƙwan tocila mai zare irin na batir biyu, da guntayen waya, da mita in akwai. Fara da batir guda, yara su ga hasken. Sa'an nan jera biyu kai da gindi, su ga haske ya ƙaru. Sa'an nan sa su kai da kai, gindi da gindi, su ga haske ya koma kamar na batir guda. Kafin kowane mataki ka tambaye su abin da su ke zato zai faru, su rubuta, kāna ka nuna. Yawancinsu za su ce batir biyu dole su fi ɗaya haske ko ta yaya aka haɗa su. In ido ya ƙaryata zato, darasin ya zauna.

Kuna iya yin batir irin na Volta da kanku. Samo lemun tsami huɗu, ka murza su su yi laushi. Soka wa kowane guntun wayar jan ƙarfe, da ɗan yankin kwanon rufi mai rufin tutiya, kada su taɓa juna. Jan ƙarfe shi ne kai, kwano shi ne gindi. Lemo guda zai nuna kusan bolt 1 a mita. Jera huɗun jerin gwano, ka sa musu ɗan jan ƙwan nan na LED, doguwar ƙafarsa wajen kai. A ɗaki mai duhu za ku ga ya ɗan haskaka. Lemo guda ba ya iya kunna shi, domin yana bukatar kusan bolt 2. Bayan gwaji a zubar da lemun, kada kowa ya sha.

Tambayoyi

1. Rediyo tana bukatar bolt 6. Batirin tocila nawa za a sa mata, ta wane haɗi?
2. An jera batirin tocila huɗu, guda ya juya. Bolt nawa za a samu?
3. Kana da batura shida masu 6V 200Ah, kana son bolt 12. Yaya za ka haɗa su, amfiya-awa nawa za ka samu?
4. Batura takwas masu 12V 100Ah, inbata mai 48V. Jeri nawa, wat-awa nawa?
5. Batura uku masu bolt 12, inbata mai 24V. Me za ka yi da na ukun?

Amsoshi: Ta 1, huɗu, jerin gwano. Ta 2, bolt 3. Ta 3, jeri uku, kowane batir biyu, amfiya-awa 600. Ta 4, jeri biyu, kowane batir huɗu, wat-awa 9,600. Ta 5, ba shi da wuri cikin haɗin. A ajiye shi ya yi wani aiki dabam, ko a samo masa ɗan'uwa daidai da shi.

Abin da za ku tafi da shi dai shi ne, jerin gwano yana ƙara ƙarfin turi, kafaɗa da kafaɗa yana ƙara jimiri, kuma abokan zama su zama iri ɗaya. Ranar da hedimasta ya kira ka, kada kunya ko gaggawa ta sa ka fara da sifana. Ɗauki takarda da fensir, karanta lambobin, yi lissafi, zana haɗin, auna da mita, sa'an nan ka ɗaura waya ta ƙarshe. In ka ga abin da ya shige maka duhu, jiran mai haɗawa na mako guda ya fi a sake tara iyayen yara a ce su kawo wani kuɗi.